Tattabarar da ta yi ƙwai a cocin Idrisu

Akwai wata magana da ke yawo a danginmu, daga Jidda har Kano, wai Sidinku, wato kakanku, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa gina coci a Makka. Na ji ta a gidan suna, na ji ta a gidan biki, har wata 'yar'uwarmu da ta zo Umra ta taɓa ja na gefe ta tambaye ni da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar ciwon da ake ɓoyewa. Ku jikokina kun fi jin Larabci, kuma na lura duk wanda ya ba ku labarin sai ya ƙara masa gishiri. To ni ce na yi ta kai shayi lokacin da ake aikin, don haka ku ji daga bakina. Maganar ba ƙarya ba ce, amma wutsiyarta kawai aka ɗauko aka bar kan.

Ni da Sidinku duk a Makka aka haife mu. Iyayenmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka biyo ta Sudan, suka sauke farali suka zauna. Gidan mahaifinsa, inda aka kai ni amarya, yana wata tsohuwar unguwa da ake jin kiran sallar Harami kamar a tsakar gida. Ginin dutse ne mai tagogin katako masu huji-huji, waɗanda muke kira roshan, kana ciki kana ganin mai wucewa shi ba ya ganinka. A sutuh, wato saman rufin gidan, Sidinku yake kiwon tattabaru tun yana yaro. Mutum ne mai zafi, direban manyan motocin alhazai da ya shekara da shekaru yana faɗa da cunkoson Mina da Arfa, amma in ya hau wurin tattabarunsa sai ka ji yana yi musu magana da wata murya da ni kaina ban cika samunta ba. Da aikin faɗaɗa Harami ya iso unguwarmu aka rushe gidan, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi baƙin Allah sun fi mu buƙatar wurin. Sai dai ya rabar da tattabarun kakaf, muka dawo unguwar Zahir, bai kuma ƙara hawa sutuh ba. Ya ce gwiwoyinsa ne, kuma gwiwoyin da gaske sun lalace, sai muka bar shi a haka.

Autanmu Idrisu, wanda wasunku ke kira Baba, wasu Ammi, shi ne ya samu gurbin karatun gine-gine a Ingila. Sidinku bai so ba. Ya ce mutane na barin Kano da Sakkwato su zo nan neman ilimi, shi kuma yana zaune a Makka zai tsallake ya tafi ƙasar Nasara. Yayyen Idrisu suka yi ta sa baki har ya daina cewa a'a, amma bai taɓa cewa e ba. Ranar tafiyar yaron ya durƙusa a gabansa, abin da ya samu ke nan:

"Je ka. Wata rana coci za ka ɗauko mana a ka ka kawo."

Bai raka shi Jidda ba, bai ɗora masa hannu a ka ba, bai ce Allah Ya yi maka albarka ba. Ku 'yan yanzu ƙila ku ga wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu, ɗa ya ƙetare teku babu albarkar uba, daidai yake da ya fita babu takalmi a tsakar ranar Makka. Shekara uku suka yi a haka. In Idrisu ya kira ta wayar nan da ake ganin mutum, ni zan sha surutu har batir ya ƙare, in na miƙa wa ubansa sai ya ce yaya sanyi, kana sallah dai ko, ya dawo mini da wayar. Abin ya tsaya mini a rai sosai, domin na san su biyun, kuma na san halinsu ɗaya ne.

A hutun da zai shiga shekararsa ta ƙarshe ya dawo gida, bayan ƙaramar Sallah, ana tsakiyar zafin nan da ke sa ruwan famfo ya ƙone hannu. Na buɗe akwatinsa zan kwashe wanki, sai na ga kowace riga an naɗe wani abu a cikinta. Na warware ɗaya, ga 'yan bencina na katako, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, an sassaƙa musu ganye a gefe. Na warware wata, ga wani abu kamar turmi mai murfi. Wata kuma mumbari ne sak, har da matakalarsa. Na ɗauka tsarabar yara ce, na kira shi in yi masa faɗan ɓarnar lokaci. Ya rufe ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya yi mini bayani. Malamansu sun raba wa kowane ɗalibi tsohon gini guda, ya auna shi ciki da waje, ya sake yin irinsa ƙarami da katako, ya nuna inda yake ciwo da yadda za a yi masa magani. Wannan aikin ne zai sa a ba shi shaidar gamawa ko a hana shi. Rabonsa ya faɗa kan cocin wani ƙauye. Kayan ciki ya gama su a can, saura bango da hasumiya da rufi, kuma dole ya koma da su a kammale.

Na yi salati, na zauna a bakin gado. Can kuma sai dariya ta ƙwace mini, na toshe baki da rigarsa ina yi har da hawaye.

"Idrisu, ashe bakin ubanka ya kama ka."

"Ummi, ba abin dariya ba ne. In ya gani, halas, an gama."

Na gindaya masa sharaɗi biyu: babu gicciye a gidana, babu siffar mutum ko ta dabba. Ya ce dama bai yi niyya ba. Na ce to ya hau sutuh, can ne kaɗai ubansa ba ya zuwa.

Haka ya fara, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, sai kuma bayan La'asar. Ya kafa rumfa da tsohon bargo, ya sayo katako mara nauyi a kasuwar Zahir. Ni kuma ina hawa masa da shayi da na'ana'a da ɗan ka'ak, biskit ɗin nan na Larabawa, in zauna a inuwa ina tambaya, domin ni dai Allah Ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Ginin ya kai tsawon gadon mutum ɗaya, hasumiyarsa ta kawo mini ƙugu. Ya ce hasumiyar tana yamma, a cikinta ake rataye ƙararrawa, mai noma a nesa ya ji ya san lokaci. Ƙofar shiga tana kudu, da ɗan zaure a gabanta, inda a da ake tsayawa a ƙulla aure ko a sasanta magana, kamar dai zaurukan da iyayenmu ke ba mu labari. Daga nan sai babban ɗaki na jama'a, ginshiƙai jere hagu da dama, kowane biyu an haɗa su da baka mai tsini. Can ƙarshen gabas akwai ƙaramin ɗaki na limaminsu da babbar taga. Na ce ashe su ma gabas suke dubawa, kamar mutanenmu na Kano. Rufin kuwa in ka leƙa ta ciki sai ka ce kwale-kwale aka kife. Babu ƙusa ko ɗaya, da 'yan turakun katako kamar tsinken sakace yake haɗawa, ya ce haka magina na farko suka yi, kuma hakan zai sa ya iya kwance shi ya zuba a kwali. A bakin indararon ruwa, ya ce, na ainihin akwai fuskokin dodanni da aka sassaƙa a dutse, ruwan sama na fita ta bakinsu. Na ce ya bar musu dodanninsu a can.

Ni ce nake karkaɗe ɓarɓashin ka'ak a gefen rumfar, kuma kun san tattabarun Makka, ba sa jiran gayyata. Kafin mu farga sun saba da wurin, suna leƙa tagogi, suna sauka a kan hasumiya.

Wata safiya Idrisu ya tafi sayo katako, ina kicin, sai na ji takun sanda a matakala, yana hawa ba sauka ba. Kukan tattabaru ne ya jawo Sidinku, domin ɗakinsa ne a ƙarƙashin wurin. Na bi bayansa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da ya isa ya tsaya yana haki. Ginin na nan da rufinsa, kayan ciki duk suna akwati a ƙasa. Ya zagaya shi a hankali, ya zura yatsu biyu a taga, ya ɗaga rufin babban ɗakin ya mayar. A daidai lokacin wata tattabara ta fito ta tagar hasumiya ta kaɗa fiffike.

"Yaron nan ya tuna," in ji shi. "Safiya, yaron nan gidan tattabaru yake gina mini."

Ga abin da nake so ku riƙe, domin nan ne ake yi mini ƙage: ban ce e ba, ban ce a'a ba. Shi da kansa ya ci gaba da fassara. Hasumiyar, ya ce, don tsuntsu ya hango gida daga nesa ne. Zauren don inuwa. Rufin da ke ɗaguwa don shara. Har indararo ya yaba, ya ce dubi hankali, an yi tunanin ranar da za a wanke. Ya ce ashe dai karatun Ingila ba duka ne shirme ba. Shekara nawa rabona da in ga haƙoran mutumin nan a waje, sai ranar. Wace mace ce za ta buɗe baki a nan?

Da azahar Idrisu ya dawo ya tarar da ubansa ya tara maƙwabta biyu a majalisa, ɗakinmu na baƙi, ana cin shinkafa. Yana shiga Sidinku ya kira shi, ya kama kansa da hannu biyu a gaban mutane, ya ce Allah Ya yi maka albarka, Allah Ya ba ka masu tuna ka yadda ka tuna ni. Yaron ya dube ni ta bakin labule, ni kuwa na dubi silin.

Kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗi da na yi a gidan Zahir. Sidinku ya sayo alkama buhu guda. Kullum bayan La'asar sai ya ja gwiwoyinsa ya hau, ya zauna a kujera yana watsa hatsi, yana ba Idrisu labarin tattabarunsa na da, kowace da sunanta da halinta. Tsohuwar muryar nan ta dawo. Amma Idrisu ya rage cin abinci. Na same shi na ce ya kama bakinsa, in lokacin tafiya ya yi ya kwance abinsa ya ce zai kai wa malamai su gani, in ya dawo ya gina wa ubansa na gaske, kowa ya huta. Har yau ina ganin shawarata ba ta da laifi. Shi dai ya girgiza kai.

"Ummi, shekara uku ina jiran albarkar nan. Da ta zo, ta mai gina gidan tattabaru ce, ba tawa ba. Ba zan iya hawa jirgi da ita ba."

Na ce to ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ya bari sai ina wurin.

Washegari bayan La'asar ya hau da akwatinsa. Ya ɗage rufin babban ɗakin ya jingine, ya share ciki, ya fara jera kaya ɗaya bayan ɗaya, ubansa na kallo yana murmushi. Ya ajiye turmin nan mai murfi kusa da ƙofa. Sidinku ya ce madalla, wannan na ruwan shansu ne. Idrisu ya ci gaba da aikinsa. Ya jera bencina sahu-sahu. Ya kafa mumbari a jikin ginshiƙi. Ya tsayar da wani shinge mai huji-huji tsakanin babban ɗaki da ƙaramin, mai kama da roshan ɗinmu na da. Ya sa ɗan tebur a ƙarƙashin tagar gabas, da wani ɗan akwati mai makulli uku a lungu. Ina kallon murmushin yana janyewa daga fuskar Sidinku kaɗan-kaɗan, domin tattabara ba ta zama a benci, kuma ba a yi mata huɗuba.

"Baba, ba gidan tattabaru ba ne. Kanisa ce, wato cocin wani ƙauye a Ingila, aikin makaranta. Turmin nan na dutse ne a can, a ciki suke zuba wa jariransu ruwa in za su shigar da su addininsu. Na ji tsoron gaya maka."

Sidinku ya juyo gare ni ya tambaya ko na sani, na ce na sani. Ya dafa sanda ya miƙe, fuskarsa ta koma irin ta ranar tafiya.

"Kanisa a kan gidana, a Makka. Kafin a kira Magariba a kwance ta."

Idrisu bai yi musu ba. Ya durƙusa, ya fara daga sama, ya zare turaku ya ɗaga hular hasumiyar. Sai ga ta a ciki, wata shuɗiyar tattabara kwance a kan 'yan tsinkayen da ta tara, ta kumbura wuya tana hararar mu. Ta ɗan muskuta, muka hango ƙwai biyu. Idrisu ya kai hannu zai kore ta, sai na ga sandar ubansa ta faɗi, ya cafke masa wuyan hannu.

"Bari. Ka manta inda kake? Wannan ba ta kiwo ba ce, ta Harami ce. Mayar mata da rufinta, a hankali."

Ku da aka haifa a nan kun san hukuncin. A cikin iyakar Harami ba a korar tsuntsun da ba na kowa ba, ba a firgita shi, balle a taɓa ƙwansa, kuma Zahir a ciki take. Ga mutum ya ce a rushe kafin Magariba, ga shi da bakinsa ya hana a taɓa. Hasumiyar kuma a ɗinke take da bangon yamma, in ka girgiza ɗaya ka girgiza duka. Na ja mayafi na rufe fuska kamar mai jimami, alhali kafaɗuna ne ke rawa. An ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma ban taɓa zaton zan ga coci ya ci albarkacin tattabarar Harami ba.

Gwiwoyin Sidinku suka mayar da shi kan kujera. Ya zauna yana huci, ba ya kallon kowa, hannunsa na kan ɗan zauren nan. Can sai na ga babban yatsansa yana shafa dokin ƙofar, inda tsakiyarsa ya lotsa. Ya ce, cikin faɗa, ko aikin ma bai iya ba, ga shi ya ɓata nan. Idrisu ya ce ba kuskure ba ne, da gangan ya goge shi, domin haka dutsen yake a can. Ƙafafun mutanen ƙauyen ne suka cinye shi, uwa ta taka, 'yarta ta taka, jikarta ta taka, shekara wajen ɗari bakwai. Sidinku ya maimaita adadin a hankali. Ya tambaya ko ba wanda ya rushe shi. Idrisu ya ce babu, in wani gefe ya gaji sai a tallafe shi, in katako ya ruɓe a cire ruɓaɓɓen kawai a sa masa ƙari, kuma sana'ar da yake koyo ke nan.

"Baba, ranar da aka rushe gidan Sidi, mahaifinka, ina tsaye a bayanka. Dokin ƙofarmu ma haka ya lotsa. Ka durƙusa ka shafa shi kafin mota ta iso, ka ɗauka ba wanda ya gani. Tun ranar na san abin da zan karanta."

Nan dariyata ta tsaya. Ni ban san da wannan ba, ashe yaron ya riƙe shi shi kaɗai duk shekarun nan. Sidinku bai ɗago ba. Da ya yi magana kuma sai ya tambayi wani abu dabam, wai tsofaffi masu ciwon gwiwa a ina suke zama kafin a kawo bencinan. Idrisu ya nuna masa wani siririn dakali da ya bi jikin bango, ya ce a da kowa a tsaye yake, raunana ne kaɗai ke zama a nan. Ya nuna masa wani ɗan alkuki kusa da tebur mai huji a ƙasansa, inda limaminsu ke wanke hannu da kwanuka. Sidinku ya ce hm. Aka kira Magariba, ya sauka.

Yanzu matsala ta koma kan Idrisu. Kafin ƙwai ya fashe, 'ya'yan su yi gashi su tashi, an haura wata guda, tafiyarsa kuwa saura abin da bai kai rabin haka ba. Ga bangon ya riga ya sha kashin tattabaru, albarkacin buhun alkamar ubansa. Sai dai a sake sabo, kuma na farkon ya ci masa fiye da wata shi kaɗai. In bai kai ba, shekarar ta tafi a banza. Ga albarka an bayar, ba a san ko tana nan ko an janye ba. Kwana biyu gidan ya yi tsit. Na dai ga Sidinku ya sa farar tobe, doguwar rigarsa ta fita, ya tafi wurin wani malami ɗan Sakkwato da ke karatu a nan, wanda yake girmamawa. Matar malamin ce ta gaya mini daga baya cewa mijinta sai da ya yi dariya ya gode Allah, sannan ya ce aikin makaranta ne, ba wurin bauta ake gina wa kowa ba, tunda babu gicciye babu gunki, tattabara kuma a bar ta inda take.

Da safiyar rana ta uku ina haɗa karin kumallo na ji muryar Sidinku a ƙofar ɗakin Idrisu.

"Yalla, ina zarton? Ni na ɓata maka wancan da alkama. A majalisa za a yi, akwai sanyi, kuma kada bugu ya dami tattabarar."

Haka aka naɗe dardumar majalisarmu, inda ake sauke baƙi a sha gahawa, aka baza katako. Idrisu na aune yana yanka, ubansa na riƙewa yana gogewa, tabarau a kan hanci, ni ina share ƙurar ina mita. Faɗa kuwa ba a magana. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na ƙaramin ɗakin gabas, wanda ya ɗan karkace bai yi daidai da babban ba. Sidinku ya rantse sai an miƙe shi, ya ce ba za a ce ya sa hannu a karkataccen gini ba. Idrisu ya ce haka yake a can, in ya miƙe shi malamai za su ce ƙarya ya yi. Uban ya ce to shekara ɗari bakwai ba wanda ya yi zuciya ya gyara? Suka kwashe yini a kai, ɗan ya ci nasara. Shingen nan mai huji-huji kuwa Sidinku ya fi kowa kula da shi, ya ce ko su wane ne, masassaƙinsu ya san hannunsa. Da aka zo kan dokin ƙofa, ya karɓe ya ce wannan nasa ne. Ya ɗora shi a cinya yana gogewa a hankali, yana gwadawa da yatsa, har ya lotsa yadda yake so. Idrisu ya duba ya ce ya ɗan fi na Ingila zurfi. Ubansa ya ce a bar shi haka, ya san wanda ya auna.

An gama ana gobe tafiya. Aka kwance aka shirya a babban kwali, ba nauyi sai girma. Da safe mota na jira a ƙasa, Idrisu ya sauka da akwatuna, kwalin ya rage. Sidinku ya ce shi zai sauko da shi. Hannu ɗaya na sanda, kwalin kuma ya fi ƙarfin hammata, sai kawai ya ce in ɗora masa. Na ɗora masa a ka, ya dafe da ɗayan hannun, ya fara sauka mataki-mataki ina biye. A tsakiyar matakala abin ya faɗo mini.

"Alhaji, wa aka ce zai ɗauko coci a ka?"

Ya tsaya cak. Ba halin ya waiwayo. Na ga kwalin ya fara rawa, na ɗauka fushi ne, ashe dariya yake, irin wadda ba ta da sauti.

"Safiya, in kika sa na yar da aikin yaron nan, ke da Allah."

A bakin mota ya sauke, ya ce a matsa masa, har Jidda za shi. Kafin su shiga ya kira Idrisu, ya ɗora masa hannun nan da ya yi kanta da gugar katako.

"Albarkar rannan gidan tattabaru na sa wa. Wannan taka ce, na san abin da kake yi, na san dalilinka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare maka addininka, Ya sa ka tallafi abin da ya gaji."

Idrisu ya kifa kai a ƙirjin ubansa, ƙato da shi, ni kuma na yi kukan da na tara shekara uku, a kan titi, ban ji kunyar kowa ba.

Ya ci jarrabawarsa, kun kuma san yanzu tsofaffin gidajen Jidda masu roshan yake tallafa. Ginin katakon nan na farko yana nan a sutuh, rana ta cinye launinsa, jikokin jikokin tattabarar nan ne a ciki. Har ƙarshen ƙarfinsa Sidinku yana hawa ya watsa musu alkama, kuma bai taɓa kiran wurin da wani suna ba sai gidan tattabaru. Don haka in wani ya sake ja ku gefe ya tambaye ku ko gaskiya ne kakanku ya gina coci a Makka, kada ku sunkuyar da kai. Ku ce e, ya gina, tare da ɗansa, kuma shi ya ɗauke shi a ka.